Ayabar Falalu da Ruwan Alwala

A Gidan Tala, wani ƙauye da ke kan jigawa arewa da Cadawa, in ka tambaya wane ne mutumin masallaci, kafin a ambaci liman za a ce maka Falalu. Shi ke share harabar, shi ke cika randa, shi ke jera butoci. Samarin garin sun taso sun gan shi a haka, har suna zaton da buta a hannu aka haife shi. Tsofaffi ne kawai ke tuna cewa a zamanin samartakarsa, in ana neman Falalu lokacin sallar asuba, to a ɗaga bargo. Su ma ba su san abin da ya sauya shi ba. Wasu sun ce mafarki ya yi, wasu sun ce wani malami ne ya yi masa wankin babban bargo a kasuwar Agiye. Duk ba haka ba ne. Fure ne ya mai da Falalu mutumin masallaci, kuma furen ma ba nasa ba ne, na matarsa ne.

Yana saurayi ya tafi cin rani wajen Tibiri, ya samu aikin ban ruwa a garkar wani dattijo a bakin Gulbi. A zamanin nan, a can, ɗan rami za ka tona ruwa ya taso ya gaishe ka. 'Yar dattijon ce ke kawo wa ma'aikata fura da rana. Sunanta Salima, doguwa, kuma bakinta ya fi barkonon garkar ubanta yaji. Falalu ya gani ya ƙyasa. Da magana ta yi nisa, ta tambaye shi ko garinsu akwai ruwa. Ya ce akwai rijiya, ruwanta sanyi kamar na randar ƙasa. Bai yi ƙarya ba. Zurfin rijiyar ne dai ba a tambaye shi ba, shi kuma bai ga dalilin yin tallarsa ba.

Da aka kawo amarya, ta fita ganin rijiyar nan mai sanyi. Ta tarar an ɗaura igiyar guga a jikin wani bijimin sa, ana kora shi, yana tafiya, yana tafiya, har sai da ya ƙanƙance a ido kafin guga ya leƙo bakin rijiya. Ta koma gida, ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata saiwa mai kama da ɗanyar citta, wadda ta tono a gefen garkar ubanta ranar da za a taho da ita. Ta duba gidan kaf, ba ta ga inuwar kirki ba sai gindin katangar da ta raba su da masallaci. Nan ta tona ta binne ta, ta karkaɗe hannu, ta dubi angon.

"Malam, ni da abin ga tare munka zo, kuma ruwa guda munka sha. In ya rayu garin ga, ni ma na zamna. Ran da yam mutu, ka san ƙasarku ba ta amshe mu ba, sai ka nemo mani mota."

Falalu ya yi dariyar yaƙe. Kafin wata ya zagayo ya gane irin matar da ya auro. Amininsa Dogo ya ci tuwo a gidan, ya ce miyar ta ɗan ji kanwa. Salima ta ce daga bayan zana, to ya ci na ƙarshe. Yau Dogo ya yi jikoki, haƙoransa sun zube, bai sake ɗanɗana miyar Salima ba. Macen da ta riƙe maganar kanwa haka, ai ba a wasa da maganarta ta mota.

Saiwa dai ta tsiro. Ganyenta faffaɗa kamar na ayaba, tsayinta ya kai ƙirjin mutum, can a ƙoli ta fitar da fure ja wur. Mutanen Gidan Tala ba su taɓa ganin irinta ba, sai suka sa mata ayabar Falalu, suka zauna jiran 'ya'ya. Kowace shekara Dogo sai ya leƙo ta kan katanga ya roƙi a ajiye masa ko guda biyu in sun nuna. Ba a cin ta, ba a miya da ita, ba ta maganin ko ciwon kai. Abu ɗaya ta iya a duniya, shan ruwa. In ƙasar gindinta ta bushe yini guda, sai ganyen ya naɗe, ya sunkuyar da kai, ya yi fushi. Salima kuwa, in sun ɗan saɓa da maigida, ba ta ɗaga murya. Tashi take yi ta je ta tsaya a kan shukar, ta daɗe tana dubanta, ta yi ajiyar zuciya ta ce ashe dai tana nan. Ran nan Falalu ba ya iya cin tuwo da daɗi.

Da damina ba wahala. Bazara ce matsala. A garin akwai ƙa'ida tun kaka da kakanni: in zafi ya shigo, ruwan rijiya na mutum ne da dabba, kowane gida da layinsa. Falalu ya taɓa zuba wa shukar rabin tulu, matar maƙwabci ta hango ta kafar zana. Kafin la'asar dattawa sun kira shi gindin gawo, suka tambaye shi ko ayabar tasa nono take bayarwa. Ya ba da haƙuri, ya taso da kunya, yana tafe yana tunanin kuɗin mota.

A hanyar komawa gida ne Allah ya buɗe masa ido. Ya bi ta bayan masallaci, ya ga kaji sun yi rashe-rashe a gindin katangarsa, kowace ta tona ta kwanta. Kaza ba ta kwanciya a banza da bazara. Ya taɓa ƙasar, ya ji danshi. Nan ne mutane ke tsugunawa su yi alwala, ruwan yana nutsewa cikin rairayi, ba ya amfanar kowa sai kaji. Tsakanin wurin da gindin shukar Salima ba komai sai kaurin katanga. Washegari da hantsi, mutane na gona suna sharar kara, ya ɗauko ƙarfe ya ɓula 'yar rariya a ƙasan katangar, ya zura mata wuyan fasasshen tulu, ya rufe bakin da tsakuwa.

Daga ran nan Falalu ya kama addini hannu bibbiyu. Ya lura cewa ruwan masallaci ba ya bin layi. Wa zai tsaya a bakin rijiya ya ce wa mai ɗibar ruwan alwala ya yi yawa? Sai ya ce shi ya ɗauki cika randar masallaci, saboda Allah. Aka yi ta sa masa albarka. Ya samo duwatsun zama masu faɗi, ya jera su daidai inda gangaren ke kallon katangarsa, kowace shekara kuma yana ɗan matso da su. Wanda ya zo ya ce ai shi da alwalarsa daga gida, Falalu zai tare shi da fara'a, ya tuna masa falalar sabuntawa, kafin ya buɗe baki buta na hannunsa. Samari masu shafa-shafa su wuce, sai ya tsaya a kansu ya ga kowace gaɓa ta samu haƙƙinta sau uku, har tsakanin 'yan yatsun ƙafa. Makiyayi bai isa ya ratsa garin da garkensa lokacin azahar ba, sai Falalu ya tsare masa shanu ya tura shi masallaci. Mai tallar gishiri, mai gyaran rediyo, har jandarman da babur ɗinsa ya taɓa lalacewa a bakin gari, duk sun shayar da ayabar Falalu ba su sani ba.

Sau ɗaya Liman Ilyasu ya kusa kashe masa kasuwa. Ya yi wa'azi a kan almubazzaranci, ya ce ko a bakin kogi mutum yake alwala, kada ya ɓarnatar da ruwa. Falalu na sahun gaba yana gyaɗa kai, hankalinsa kuwa na kan rariyarsa. Jama'a suka koma ɗiga-ɗiga, rariya ta bushe. Bai yi gardama da malami ba, don ya san gaskiya aka faɗa. Ƙusa kawai ya sa a wuta, ya bi butocin roba ɗaya bayan ɗaya ya ɗan buɗe musu baki. Mutane suka ci gaba da tsantseni iya ƙoƙarinsu, butoci suka ci gaba da kyauta.

Ta cikin gida kuma hidima ba ta ƙarewa. Ya kewaye shukar da ƙaya saboda awaki, ya kafa mata zana ta yamma saboda ranar la'asar. Yana tara mata busasshen kashin shanu, ya murtsuke, ya gauraya da toka saboda gara. Yana lulluɓe gindin da ƙaiƙayi don danshi ya kwana. Karan da ya gama fure ya yanke shi daga ƙasa, wani ya taso a gefensa. Gonarsa ta gero ba ta taɓa samun rabin wannan lallashi ba, kuma gonar ba ta taɓa cewa a nemo mata mota ba.

Duk da haka shukar ta sha kai shi bakin rami. Akwai shekarar da rijiya ta ja baya har randar masallaci ta koma rabi. Akwai shekarar da akuyar Dogo ta haura ƙaya ta yi mata aski tas. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, wurin ya koma fili fetal, ko koren tsinke babu. Duk lokacin da haka ta faru, Salima za ta je ta tsaya a kai, bayan kwana kaɗan ta ce za ta je ganin gida. Falalu ya raka ta tashar Cadawa. Yana dawowa zai faɗa ɗakinta ya duba ko kwanonin jerenta na nan, ko babbar tukunyarta na nan. Sannan ya koma kan filin nan, ya yi ta kora masa ruwan alwala, yana roƙon Allah. Sai ta dawo da tsarabar albasa da rogo, ta ci gaba da harkokinta. Ba a daɗewa kuma sai ka ga wani ɗan koren ƙaho ya tsaga ƙasa. Falalu ya yi hamdala, ya fita gindin gawo yana bayani kamar malamin gona, wai ita irin wannan shuka ranta a saiwa yake, sama ta mutu ƙasa na nan, muddin ta samu mai kula da ita irinsa.

Wata shekara, bayan irin wannan farfaɗowa, furen ya fito ruwan ɗorawa. Falalu ya zagaya shi ta gabas, ya zagaya ta yamma, ya kira Salima ya nuna mata. Ta duba, ta ɗan daɗe tana gyara ɗaurin kallabi.

"Tsuhwa na, Malam," in ji ta. "Kai ma ai gemunka baƙi na sad da munka san ka."

Maganar ta shige shi. Ya ƙara wa shukar taki saboda tsufa. Bayan wasu shekaru, da ta sake mutuwa ta tashi, sai ta dawo da janta wur, ya yi ta alfahari wai kulawarsa ce ta mai da tsohuwa yarinya. Ya ma ɗan jira ya ga ko gemun zai bi sahu.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya don kada a ɗauki alhakin bawan Allah. Mutum ba ya shekara talatin da ɗoriya yana riga kowa zuwa masallaci ya fita yadda ya shiga. Tun yana zuwa don rariya, har ya zama in bai ji sanyin tabarmar sahun gaba a goshinsa ba, yinin bai yi masa daɗi ba. Allah na da hanyoyin jawo bawansa. Wani da wa'azi, wani da ciwo, Falalu da fure. Sai dai ko a lokacin, in ya idar da salla ya shafa addu'a, ta wajen duwatsun yake fita, ya ɗan taɓa ƙasa da yatsan ƙafa ya ji ko ta jiƙu.

Abin da fari da akuya suka kasa, alheri ne ya yi shi. Alhaji Mudassir, ɗan garin da kasuwanci ya karɓa a Maradi, ya zo gida ya ga tsoho na rangaji da bido biyu, wato jarkokin ruwa, daga rijiya. Tausayi ya kama shi. Ya ce wallahi Baba Falalu ya gama wahala. Ya turo magina suka yi wurin alwala na siminti, can ɗaya ɓangaren masallacin, nesa da katangar Falalu, da famfuna a jere da tanki a sama. Ya ɗauki mai amalanke da zai riƙa cika tankin. Ruwan da aka yi alwala da shi kuwa aka sa masa bututu zuwa wani rami mai zurfi, aka rufe da siminti, saboda tsabta. Ranar buɗewa aka zaunar da Falalu a kujera kusa da mai gari, aka yafa masa sabuwar riga, aka ce shi zai fara murɗa famfo. Ya murɗa, ya bi ruwan da ido har ya shige bututu, sai hawaye. Jama'a suka ce dubi farin ciki, wasu ma suka taya shi.

Bazarar bana kuwa ta zo da zafin da ba a saba gani ba. Falalu ba shi da sauran hujjar zuwa rijiya. Abin da ya rage masa butarsa ce ta gida. Sai ya mai da gindin shukar wurin alwalarsa, kuma alwalar tasa ta koma ba ta da ƙarko. Ya yi ta, ya zauna kaɗan, ya yi tsaki ya tashi ya sake. Kafin azahar ya sake, bayan azahar ya sake. Salima ta zuba masa ido kwana biyu, ran na uku ta daina dafa wake a gidan, ta jiƙa masa kanwa ta tsaya a kansa sai da ya shanye. Ya sha, bai yi musu ba, don bayanin ya fi kanwar ɗaci.

Buta guda ba ta riƙe abin da jam'i guda ke shayarwa. Ganye ya naɗe, ya yi ruwan ƙasa, ya kwanta. Falalu ya zagaye wurin da zana, wai saboda rana. Ran da Salima ta ɗingisa zuwa suna a maƙwabta, don yanzu gwiwoyinta sun hana ta nisa, ya shiga bayan zanar ya tona. Bai taɓa tonawa ba a duk shekarun nan, tsoron abin da zai gani yake yi. Saiwar ta fito ba nauyi, ya matsa ta, ta ruguje a hannunsa, gara na ta gudu a ciki. Wannan ba mai tashi ba ce, ko da Gulbin aka juyo mata.

Ya zauna a ƙasa. Da hankalinsa ya san mace mai jikoki, mai ciwon gwiwa, ba inda za ta. Amma tsoro ba ya shawara da hankali, kuma tsoron Falalu ya girmi 'ya'yansa. Tun ranar da ya ga amarya na kallon bijimin nan yana ƙanƙancewa da igiya, bai taɓa yarda cewa shi kaɗai, da gonarsa ta rairayi da rijiyarsa mai nisan ƙasa, ya isa ya riƙe 'yar Gulbi ba. A ganinsa fure ne ya riƙe ta, shi kuma ya riƙe furen da wayo. Yanzu wayon ya ƙare. Ko da ba ta tafi ba, yana jin kunyar ta zo ta tsaya a kan ramin ta ga ƙasarsu ta ƙi ta.

Mai wayo dai ba ya rasa na ƙarshe. Ya mai da ƙasa ya rufe, ya gaya wa Salima zai je Maradi ya yi wa Alhaji Mudassir godiya ta musamman. Ta ce ya kyauta, Allah ya kiyaye hanya. Ya shiga mota a Cadawa, a Maradi ko unguwar Alhajin bai kalla ba, ya sake mota zuwa Tibiri. Garkar surukinsa marigayi tana hannun Ɗahiru, ƙanen Salima. Tun daga hanya Falalu ke tsara ƙaryarsa: liman ne ya ga furen ya yi sha'awa, yana son a dasa a sabon wurin alwala. Ya maimaita ta har ta yi santsi.

Ya tarar da Ɗahiru na fama da injin ban ruwa, don yanzu a Gulbin ma ruwa ya daina tasowa gaisuwa. A gefen garkar ga furen nan jingim, ja da ruwan ɗorawa a cakuɗe, ba mai kallonsa. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka yi 'yar tsokanar da ke tsakanin mutum da ƙanen matarsa. Falalu ya gyara murya zai kawo liman, sai Ɗahiru ya ce ya dakata. Ya shiga bukka ya fito da wani jiƙaƙƙen buhu, an ɗaure bakinsa.

"Ashe kai ta aiko," in ji shi. "Da tay yi waya shekaranjiya ca tay yi direban motar kasuwa za ya biyo ya amsa. Ga saiwar nan, na tono masu idon tsiro. Ka ce wa Yaya ja na, na duba da kyau, kada ta sake yi mani hwaɗan da tay yi shekarar da na ba ta mai ruwan ɗorawa."

Falalu ya karɓi buhun don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Ɗahiru, wanda bai san ya fasa ƙwai ba, ya ci gaba da zuba. Ya ce shi fa ya daɗe yana son ya tambaya, wai su can jigawa cin saiwar nan suke yi? Don Yaya ba ta taɓa faɗin abin da take yi da ita ba, sai dai bayan 'yan shekaru ta zo, ta ƙunsa a ƙasan kwandon albasa ta tafi. Ya ce yana tuna zuwanta na farko, shekarar da aka kai ta. Ta zo a rame, tafin hannunta duk ya tsage da igiyar guga, tana shiga ɗakin Inna ta fashe da kuka. Inna ta ce in ba ta iyawa ta yi zamanta, ba wanda zai kore ta daga gidan ubanta.

"To mi tac ce?" Falalu ya tambaya.

"Ca tay yi ita ba zama ya kawo ta ba, saiwa taz zo ɗauka. Kwana biyu tay yi ta koma."

A motar komawa Falalu ya rungume buhun a cinya. Da farko haushi ne ya taso masa. Shekara talatin yana jan bido, ya huda butocin jama'a, ya tsare wa makiyaya shanu, ya sha kanwa ba ciwo, ashe duk wasu saiwoyi daban-daban yake yi wa bauta. Daga nan ya tuna bayanin da yake yi a gindin gawo, da takin da ya ƙara saboda tsufa, sai dariya ta ƙwace masa. Dariyar ba ta ƙare ba ta juye. Shukar ta mutu tun shekarar farko. Tun shekarar farko Salima ke da hujjarta a hannu, kuma ita ce mai maganar da ba ta tashi. Duk lokacin da ƙasar ta ba ta hanyar tafiya, ita da ƙafarta take zuwa ta ɗauko dalilin zama, ta ɓoye a ƙarƙashin albasa. Ya yi kuka sosai, bai ji kunyar kowa ba. Ruwan buhun kuma ya bi wandonsa ya jiƙa shi har gwiwa. Matar da ke kusa da shi ta dubi wandon, ta dubi hawayen, ta ce kada ya damu, tsufa ne, ta ɗan matsa gefe.

Ya iso gida da la'asar sakaliya. Ya tura buhun bayan rumbu kafin ya yi sallama. Salima na zaune bakin ɗaki tana tsince zogale, wayarta a gefen tabarma. Ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi lafiyar Alhaji, ya ce yana gaishe ta. Ta dubi wandonsa.

"An yi ruwa Maradi?"

"Yayyahi," in ji Falalu. Sama kuwa ko gajimare babu tun watanni.

Ta ce Allah ya kawo shi nan ma. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta ce za ta leƙa maƙwabta aron rariyar tankaɗe, kuma kada ya jira ta, don matar gidan ba ta gajiya da magana. Rariyarta na rataye a ƙusa, yana kallonta. Ta fita tana ɗingishi, ta ja ƙyauren a hankali.

Falalu ya ɗauko buhu da fartanya ya shiga bayan zana. Bai yi amfani da fartanyar ba. Ramin na nan a tone, daidai zurfin da ake so. An murtsuke kashin shanu an gauraya da toka, an tara ƙaiƙayi a gefe, ƙasar kuma da danshinta. A bakin ramin ga shaidar gwiwoyi biyu a cikin rairayi, inda mai ciwon gwiwa ta durƙusa. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya sa nasa gwiwoyin a inda nata suka bari, ya kwantar da saiwar, idanunta na kallon sama, ya rufe.

Ba wanda ya ta da maganar, ran nan ko bayanta. Sai dai daga washegari, in ya ɗauki butarsa ya nufi bayan zana, sai ya ji tafiyarta a bayansa da tata butar, ta ce wurin ya fi inuwa. Ruwan wankin gero ma da na ɗaurayar kwano duk suka gano hanya. Kafin ruwan farko ya sauka, wani yammaci, ɗan koren ƙaho ya tsaga ƙaiƙayi. Salima ta tsaya a kansa yadda ta saba, ta daɗe tana dubawa, ta yi ajiyar zuciyar nan tata.

"Ka gani, Malam, ya ƙi mutuwa."

"Ya ƙi," in ji Falalu.

"To, ba yadda na iya. Sai in ƙara haƙuri da ku."

Ya ce ya gode. Aka kira salla, ya zuba sauran ruwan butarsa a gindin tsiron, ya sa takalmi ya fita, don har yanzu ba ya son a riga shi sahun gaba.